William Brockedon da Fuskar da Ba a Zana Ba a Wurno

A watan Disamba na 1826 wani saurayin Bature ɗan shekara 22 ya iso Sakkwato daga Kano, yana janye da kayan maigidansa. Sunansa Richard Lander, amma a ƙasar Hausa Nasara Ƙarami aka riƙa kiransa, don a bambanta shi da maigidan nasa, Kyaftin Hugh Clapperton, wanda shi kuma ya ɗauki sunan Abdullahi. Clapperton bai fita daga ƙasar ba. Ciwo ya kwantar da shi, ya mutu ranar 13 ga Afrilu 1827, Lander ya binne shi a wani ƙauye kusa da Sakkwato, sannan ya kama hanyar teku.

Yau duk mai waya a hannu zai iya ganin fuskar Lander cikin minti ɗaya. Zai ga ta Clapperton, wadda Gildon Manton ya zana aka buga a farkon littafin tafiyarsa ta biyu a 1829. Zai ga ta Manjo Dixon Denham, abokin tafiyarsa ta farko, wadda Thomas Phillips ya zana a 1826. Amma mutumin da aka ƙetaro sahara da teku domin a gani, wato Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda yake kwance a hubbarensa a Wurno tun 1837, babu zanen fuskarsa a ko ɗaya daga cikin littattafan biyu da suka fito daga tafiye-tafiyen Clapperton. Baƙin suna da fuska, mai masaukin kuwa sai suna da siffa a rubuce.

Wanda ya zana Lander shi ne William Brockedon, kuma rayuwarsa ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana nuna yadda ake zaɓen fuskar da za ta shiga tarihi.

An haifi Brockedon a 1787 a garin Totnes, cikin lardin Devon na kudu maso yammacin Ingila. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, ya kuma rasu yaron yana ɗan shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar, don haka shi ya riƙe shagon na wasu shekaru. Wannan tarbiyya ta ƙananan ƙarafa da auna abu daidai wa daida ba ta taɓa barin hannunsa ba. Wasu manyan yankin, ciki har da limamin cocin Dartington, Robert Hurrell Froude, suka ga yana da hannun zane, suka tallafa masa ya tafi Landan a 1809 ya shiga makarantar Royal Academy. A zamanin nan mai zanen da yake son a kira shi babba ba ya tsayawa kan fuskokin mutane, sai ya yi manyan zane-zane na labaran Baibul ko na tarihi. Brockedon ya bi wannan hanya shekara da shekaru, ya yi ƙatta-ƙattan zanuka, ya ba da wasu kyauta ga majami'un Devon. Gaskiyar magana, ba su ne suka riƙe sunansa ba.

Abin da ya fara fito da shi tafiya ce. Ya ɗauki sha'awar gano hanyar da Hannibal, sarkin yaƙin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ya bi da giwayensa ya tsallake duwatsun Alps ya auka wa Rum. Wannan bincike ya sa ya ƙetare duwatsun har sau 58 ta hanyoyi daban-daban, ya zana abin da ya gani, aka buga a littafi mai juzu'i biyu tsakanin 1827 da 1829. Da aka kafa ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan a 1830, wadda ta zama Royal Geographical Society, yana cikin waɗanda suka kafa ta. A nan ne hanyarsa ta haɗu da ta Lander. A wannan shekarar ce Richard da ƙanensa John suka shiga kwale-kwale daga Busa suka bi kogin Kwara har inda ya faɗa teku, suka kashe gardamar da ta daɗe tana cin Turawa. Lambar yabo ta farko da ƙungiyar ta taɓa bayarwa, Richard Lander ta ba. Yaron da ya je Sakkwato a matsayin bara ya zama wanda ake son a ga fuskarsa.

Sai dai kafin mu koma kan zanen, akwai wani ɓangare na Brockedon da ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Mutumin maƙirƙiri ne. Tun 1819 ya yi rajistar wata dabara ta jan waya ta cikin hudar da aka yi a duwatsu masu tsada irin su yaƙutu, don wayar ta fito siririya sumul. Da ma'adinin baƙin dutsen da ake sa wa cikin fensir ya fara ƙarewa a Borrowdale, sai ya gano yadda za a matse garinsa ya dunƙule ya koma kamar na asali. A 1843 ya yi rajistar wannan dabara ta matsi, kuma takardar ta haɗa da ƙwayar magani. Kafin nan ana kwaɓa magani ne da ɗanshi a mulmula shi da hannu. Shi kuwa ya ce a zuba busasshen gari a ƙaramin ramin ƙarfe, a ɗora turmi a buga, ƙwaya ta fito. Duk farasitamol ɗin da ake sayarwa a kemis a Goronyo ko kasuwar Acida jikar wannan dabara ce. Haka kuma da abokinsa Thomas Hancock ya samu hanyar dafa roba da farar wuta don ta yi ƙarfi, Brockedon ne ya raɗa wa aikin suna, daga Vulcan, gunkin wuta na Rumawan dā. Daga wannan suna ne kalmar falkanaiza ta fito, wadda ake kiran mai faci da ita a bakin titi. Ke nan mutumin da bai taɓa taka ƙasarmu ba ya bar mana kalma da ƙwayar magani, ba mu sani ba.

Aikin da ya fi daraja a wurin masu tarihi kuwa shi ne wanda ya yi a gefe, ba don kasuwa ba. Daga 1823 zuwa 1849 ya riƙa zaunar da fitattun mutanen da yake hulɗa da su yana zana kawunansu da fensir da alli, baƙi da ja, a kan takarda. Zanuka 104 ne, kuma yanzu suna gidan adana zanen fuskoki na ƙasar Birtaniya, National Portrait Gallery, a Landan. A ciki akwai Michael Faraday na wutar lantarki, da Charles Wheatstone na wayar tangaraho, da John Franklin da ya ɓace a ƙanƙarar arewacin duniya. Akwai Charles Babbage, wanda ya tsara injin lissafin da muke ɗauka kakan kwamfuta, a zanen 1840. Mu da muka karanta kimiyyar kwamfuta mun daɗe muna cin karo da sunan Babbage a darasin farko, ba mu taɓa tambayar wa ya zauna ya kalli fuskarsa ba. Akwai kuma 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander. Ban da na alli, Brockedon ya yi wa Richard babban zane na fenti, wanda ake kiyasta shekararsa wajen 1835, bayan Lander ya mutu a tsibirin Fernando Po a Fabrairun 1834 sakamakon harbin da aka yi masa a yankin bakin Kwara. Kundin allin ya tsaya a 1849, shekarar da ɗansa Philip, injiniya matashi, ya rasu da tarin fuka.

Zanukan allin ba su da ado. Kai ne da wuya da ɗan kafaɗa, ba doki, ba takobi, ba labule mai tsada a baya. A ganinmu shi ya sa suka fi manyan zanukansa rai. Amma a duba su wane ne a ciki. Brockedon ya zana Giovanni Belzoni, Ba'italiyen da ya yi suna wajen kwasar kayan tarihin Masar, wanda ya mutu a 1823 kusa da Binin yana neman hanyar Timbuktu. Belzoni yana tare da wani Bahaushe ɗan Gobir mai suna Abubakar, wanda aka sayar bawa, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi, ya yi aikin jirgi da sunan William Pasco. Wannan Abubakar ɗin shi ne tafintan Clapperton a tafiya ta biyu har Sakkwato, shi ne kuma ya sake bin 'yan'uwan Lander a 1830. Mutum ɗaya ya yi wa tafiye-tafiye uku baki da kunne, amma ba ya cikin 104. Ba ma sai an zargi Brockedon da wata mugunta ba. Yana zana wanda ake gayyata cin abincin dare a gidajen da yake shiga ne, kuma duniyar ƙarama ce: mawallafi ɗaya, John Murray, shi ya buga littattafan Denham da Clapperton da na 'yan'uwan Lander.

To me muke da shi game da kamannin Bello? Clapperton ya isa Sakkwato karo na farko a tsakiyar Maris 1824, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya sauke shi, ya kuma zauna har farkon Mayu. Ya siffanta Bello a matsayin mutum mai kwarjini ɗan shekara 44 wanda fuskarsa ba ta kai shekarunsa ba, tsawonsa ƙafa biyar da inci goma, kakkaura, mai gajeren baƙin gemu murɗaɗɗe, ƙaramin baki, faffaɗan goshi da manyan baƙaƙen idanu. Ya ce rigarsa ta auduga ce shuɗiya mai haske, rawaninsa fari, kuma ya ja amawali ya rufe hanci da baki. Mai karatu zai iya tambaya, in an rufe baki yaya aka yi ya san girmansa? Amsar ita ce sun gana sau da yawa a Sakkwato. Hancin kuwa, Clapperton ya ce irin na Girkawa ne. Wannan ba awo ba ne, yabo ne irin na Baturen wancan zamani, wanda a wurinsa kyawun fuska shi ne ta yi kama da gumakan Atina.

Haka abin yake ga Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta aiko, wanda ya tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello a sansaninsa na Gawasu a farkon Afrilu 1853, kafin ya wuce ya zauna a Wurno wajen wata guda. Ya ce Aliyu matsakaicin tsawo ne, mai jiki, mai zagayayyar fuska da fara'a, sanye da riga mai sauƙi. Amma bai iya barin maganar a nan ba, sai da ya raba fuskar gida biyu, ya ce ta fi ɗauko mahaifiyarsa Bahausa a kan mahaifinsa Bafulatani, da lafazin da ke nuna wanne ya fi daraja a idonsa. Siffar da aka rubuta ma tana ɗauke da son zuciyar marubuci kamar yadda zane yake ɗauke da na mai zane. Bambancin shi ne a rubutu kana ganin inda ra'ayin ya shigo, kana iya tsame shi.

Abin lura, Shehun Borno Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda suka yi ta musayar wasiƙu da Bello kan halaccin jihadi, sannan suka gwabza yaƙi a daidai lokacin da Clapperton yake Sakkwato karo na biyu, shi yana da zane. Denham ya iya riƙe fensir, ya zana shi, Edward Finden ya sassaƙa zanen a ƙarfe, aka buga a littafin 1826. Shi ya sa littattafan tarihinmu na makaranta suke da fuskar al-Kanemi, ba su da ta Bello. Wani ɓangare na dalilin bai wuce wane Bature ya je ina ba. A wannan littafin, abin da ya fito daga fadar Bello a zane taswira ce, wadda aka ba Clapperton tana nuna ƙasashe da yadda kogin Kwara yake tafiya, tare da wani yanki na Infaƙul Maisuri da Abraham Salame ya fassara zuwa Turanci. Da Clapperton ya dawo a 1826, cikin kyautar da ya kawo akwai littattafan Larabci, har da na Uƙlidisu na lissafin siffofi, Bello ya gaya masa cewa gidansu suna da irinsa da aka kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Mutumin da yake jimamin rashin littafin Uƙlidisu ba jahilin layi da kusurwa ba ne. Rashin zanen fuskarsa ba daga rashin sanin zane ya fito ba.

Mutanensa suna da tasu hanyar ajiye mutum. Malaman Musulunci sun tsananta kan sawwara mai rai, kuma al'adar da suka gada ita ce ta Shama'il, inda ake siffanta jiki da hali da kalmomi, a riƙa karantawa ana haddacewa. Waziri Giɗaɗo ya rubuta littafi sukutum kan halayen Bello, Alkashfu wal Bayan. Matarsa Nana Asma'u, ƙanwar Bello, ta yi masa marsiyya, ta kuma yi wata waƙa da Fulatanci mai suna Gikku Bello, wato halin Bello. Abin da suka ga ya cancanci a ajiye shi ne yadda yake hukunci, da yadda yake ci daga gumin kansa, da yadda yake bi da malamai da talakawa. Brockedon zai ajiye maka tsawon hancin Babbage, ba zai gaya maka ko yana biyan bashi ba. Asma'u ta ajiye ɗaya ɓangaren. Ba mu ga dalilin da zai sa a ɗauki tata hanyar a matsayin gurbi da ke jiran a cike ba.

Zuri'a uku kawai suka canza komai. Ɗan Bello, Abubakar, ya zauna a Rabah har aka san shi da Atiku na Raba, ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877. Ɗansa Ibrahim ya yi Sarkin Rabah. Ɗan Ibrahim, wanda aka haifa a Rabah wajen 1910, shi ne Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, kuma da wuya a samu ɗan Arewa na zamaninsa da kyamara ta ɗauka kamarsa. Tun shekarar 2000 fuskarsa tana kan takardar naira 200. Manomin da ya sayar da buhun tafarnuwa a Wurno yana iya karɓar hoton tattaɓa kunnen Bello a canji, a 'yan taku kaɗan daga kabarin kakan da babu hotonsa.

Wannan gurbi ne yanzu ake cikewa da ƙarya. Kowa ya ga hotunan da ke yawo a Facebook da WhatsApp da TikTok, dattijo mai rawani da farin gemu, a ƙasa an rubuta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ko Sultan Bello. A da tsofaffin hotunan wasu sarakuna ko malamai na ƙarni na ashirin ake liƙa wa sunan. Lissafin ƙaryata su mai sauƙi ne. Shehu ya rasu a 1817, Bello a Oktoban 1837, ita kuwa dabarar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya a Faris. Duk abin da ya fito daga kyamara ba su ba ne.

Na yanzu sun fi wuyar sha'ani, domin ba fuskar kowa ba ce. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke haɗa hoto an horar da su ne da ɗimbin hotunan da aka kwaso daga intanet, kowanne da rubutun da ke tare da shi. Idan ka rubuta mata sunan Sarkin Musulmi na ƙarni na sha tara, ba ta da wata ma'ajiya da za ta buɗe ta ɗauko shi. Tana haɗa abin da ya saba zuwa tare da kalmomi irin su sultan da rawani da Afirka ne, wato hotunan hawan sallah na jiya-jiya, da na Buzaye da masu yawon buɗe ido suka ɗauka, da zanukan da Turawan zamanin Brockedon suka yi na Masar da Turkiyya. Brockedon da kansa ne ya rubuta bayanan da ke rakiyar shahararrun zanukan David Roberts na Masar da Nubiya a shekarun 1840, kuma irin wannan kallo na Gabas yana cikin abin da injin ya sha. Sannan sai abin ya zagayo. Wani ya ɗora hoton a shafinsa da sunan Bello, injin bincike ya ɗauka, ɗan sakandare a Rabah da aka ba aikin gida ya nema ya samu, manhajar da za a horar baɗi ita ma ta haɗiye shi a matsayin shaida. Bayan 'yan shekaru fuskar ta zauna, cire ta kuma sai an sha wuya.

A nan ne muke ganin Brockedon yana da abin koya mana, ba a fannin zane ba. Kowane ɗaya daga cikin zanukansa a Landan yana da lamba, da sunan wanda aka zana, da shekara, da abin da aka yi zanen da shi. Idan ana shakka, ana rubuta cewa kiyasi ne, kamar yadda aka yi wa zanen fentin Lander. A aikinmu na rubuta manhaja ba ma yarda da bayanin da ba a san inda ya fito ba, komai kyansa, domin ranar da ya jawo matsala ba za a san inda za a bi a gyara ba. Hoton da ya iso wayarka ba sunan mai zane, ba shekara, ba gidan da aka ajiye na asali, irin wannan bayanin ne. Google Lens ko TinEye sukan nuna inda hoto ya fara bayyana, kuma sau da yawa tafiyar ba ta wuce shekara biyu ko uku baya.

Mai zanen zamani yana da damar ya zauna da siffar Clapperton da rubutun Giɗaɗo ya hasaso Bello, ya sa hannu, ya rubuta cewa hasashensa ne. Ko ya halatta ko bai halatta ba, wannan muhawarar malamai ce. Abin da ba shi da kariya shi ne a saki hoton ba suna ba bayani, a bar mutane su ɗauka gado ne daga Wurno.

Brockedon ya mutu a Landan ranar 29 ga Agusta 1854, shekara biyu kafin a kafa gidan da ke riƙe da zanukansa. A ƙarshen wannan watan Barth ya sake sauka a Wurno a hanyarsa ta dawowa daga Timbuktu, ciwon atini ya kwantar da shi a garin har farkon Oktoba. Shi ne ya rubuta cewa Aliyu ya karɓe shi da fuska a buɗe, saɓanin mahaifinsa Bello, wanda ko a cikin gidansa ba ya sauke amawali daga bakinsa matuƙar akwai baƙo a wurin.